Shekarar Philip Ta Bakwai A Gonar Baba

Kaduna, 3 ga Mayu, 2008

Yaya Kefas,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina Baba da Mama? Ka dame ni da tambayar aikin da nake yi, to ga shi. Malamarmu ta sa ni bincike kan mata masu zaman kansu da ke samun maza ta intanet. Ina zama a shagon intanet mu yi ta rubutu, ba mu ganin juna. Ina tambayar awa nawa suke aiki, wa ke riƙe da wayarsu, wa ya taɓa dukansu. Ba suna, sai lamba, kuma na sa hannu ba zan tona asirin kowa ba. Da farko nakan yi kuka. Yanzu rubutawa kawai nake yi.

Ƙanwarka, Larai

Rikoto, Zuru, 20 ga Mayu

Larai,

Mun gode Allah, kowa lafiya. Wanga boko naku sai ku, ashe har wannan ma karatu ne! Ban karanta wa Mama ba. Ruwa ya sauka. Philip ya shiga shekara ta bakwai ta golmo, noman neman aure, shi da abokansa suna gonar Baba tun safe. Da an yi girbi za a ba shi autarmu Rachel. Yaron ya rame, amma bakinsa har kunne. Ita ko tun Kirsimeti shiru, wai ɗinki ya yi mata yawa a Fatakwal. In kin same ta, ki ja mata kunne.

Yayanki, Kefas

Kaduna, 9 ga Yuni

Rachel ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ranar Talata lamba sha huɗu ta rubuto min cewa mai ɗakin da take ciki yana kulle ta, sau biyu an kai ta asibiti. Na tambaye ta ko tana da inda za ta koma. Ta ce akwai wanda ke mata golmo a Rikoto, saura damina ɗaya. Na tashi na sha ruwa, na dawo na yi mata tambaya ta tara. Ban ji komai a raina ba, wannan ne ya ba ni tsoro.

In na yi shiru, Philip zai ƙarasa noma bai san komai ba. In na yi magana, na karya alkawari, na kuma tona miki asiri. Ki gaya min abin da zan yi.

Yayarki, Larai

Fatakwal, 25 ga Yuni

Yaya Larai,

Na gode da gaisuwa. Na ga sunanki a takardar amincewa da shiga binciken tun kafin in amsa tambayar farko. Na rasa bakin gaya wa kowa ne.

Ki ce wa Philip ya ajiye fartanya, ba zan dawo ba. Kada ki faɗa masa dalili. Amsoshina kuma ki bar su a cikin binciken, duk gaskiya ne.

Ki gaida Mama.

Rachel