Uwar Gyaɗa Ba Ta da Ƙofar Fita

Gwaggo Lantana, assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Wata takwas ke nan wata magana tana cin raina, kuma duk wanda na faɗa wa sai ya yi mini dariya, wai a kan tsohon ƙarfe nake ramewa. To, ƙarfen ne, ban musa ba. Amma ki bari in gaya miki ko wane ƙarfe ne.

Ni ma'aikaci ne a ofishin hakimi a Karaye, aikin rubutu nake yi, gidanmu na gado kuwa yana Ruwan Bago. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, direba ne. Yana da babbar mota irin ta da, mai bodin katako, wadda mutanen garinmu suka laƙaba wa suna Uwar Gyaɗa, don duk kaka ita ke kwashe gyaɗa da dawar ƙauyukanmu zuwa kasuwa. Har sunan aka rubuta mata a allon goshi da jan fenti. A cikinta aka kai amaren garinmu ɗakunansu, a cikinta aka kai marasa lafiya asibiti. Baba yana da wata al'ada. In ya iso tsamiyar bakin gari da yamma, sai ya danna oda, dogaye biyu, gajere ɗaya. Da Inna ta ji sai ta ɗora ruwan tuwo, mu kuma mu zuba a guje mu tarye shi. Har yau, ina zaune a ofis, in wata babbar mota ta yi oda a titi sai in ji alƙalami ya tsaya a hannuna.

Shekara uku kafin rasuwar Baba motar ta tsaya. Aka tura ta cikin gida, gefen rumbu, aka ɗora ta a kan duwatsu. Shekara goma sha huɗu ke nan. Kaji suka mai da kujerar direba wurin saka ƙwai, Inna tana shanya kuɓewa a kanta. Ana nan sai yayana Ashiru, wanda bakanike ne a Rogo, ya rantse sai ya tashe ta. Duk Asabar ya rufe garejinsa, ni kuma in hau babur daga Karaye, mu wuni a gindinta. Ni ban san komai a mota ba, Gwaggo. Miƙa sifana kawai nake yi, ita ma sau da yawa ba wadda ya ce ba, ya yi ta tsokanata wai hannun alƙalami ne da ni, ko ƙusa ba zan iya bugawa daidai ba. Shekara shida muna haka, yau a samo wannan a Kano, bayan wata uku a samo wancan a Zariya. Ya sauke injin, ya wanke, ya haɗa, ya mayar. Da bakinsa ya ce mini saura famfon mai da batir.

Ga abin kunyar da ban cika faɗa ba. Shekara huɗu da suka wuce damina ta kayar da katangar ƙasa ta wajen titi. Aka yi gayya, 'yan'uwa da maƙwabta, aka ja sabuwa da bulo da siminti, aka bar ƙofar zaure kaɗai, wadda ko amalanken shanu ba zai shige ta ba. Mun fi mu ashirin a wurin. Wasu ma a kan motar suka tsaya suna miƙa bulo, amma babu wanda ya tuna cewa mota ce, wata rana za ta so fita. Mun saba ganinta a tsaye har ta zame mana kamar rumbu. Sai da aka gama, ana cin tuwon gayya, Inna da idonta ya riga ya yi rauni ta tambaya ta ina aka bar wa Uwar Gyaɗa hanya. Kowa ya juya ya dubi katangar. Ashiru ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Inna, ranar da ta tashi, da hannuna zan fasa katangar nan."

Bai fasa ba. Bara da damina zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi. Kayan aikinsa suna nan cikin buhu a ƙarƙashin kujera yadda ya bar su, har tsumman da yake goge hannu. Ni kuma har yanzu duk Asabar sai na je. Ba na taɓa komai. In kori kaji, in zauna a gaba, in riƙe sitiyari, in shaƙi warin baƙin mai. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, da furfura a gemu! Ina kewarsa, Gwaggo, ina kewar Baba, kuma a nan ne kaɗai nake jin kamar sun ɗan fita ne za su dawo.

To, ga inda maganar ta tsaya. Matar Ashiru, Sadiƙa, ta gama takaba ta zaɓi ta zauna a gidan da 'ya'yanta mata uku, ita ce ma take kula da Inna. Ɗinki take yi, kuma keken yana cikin ɗakin da su huɗu suke kwana. Babu wani fili a gidan sai inda motar take. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce mini komai ba. Amma wata Asabar na yi sammako, na tarar da ita tana auna ƙasan wurin da tef ɗinta na ɗinki. Da ta gan ni sai ta dunƙule shi a hannu, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce wai allura ce ta faɗi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da ni zan fara shiga.

Akwai wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, Mu'az, da ya zo har sau uku. Ya zagaya ta yana ƙwanƙwasawa, ya ce kada in damu da katanga, za su zo da wutar yankan ƙarfe su yanyanka ta a inda take, wuni ɗaya, su fita da ita gunduwa-gunduwa ta zaure. Ya faɗa ne don ya sauƙaƙa mini, ni kuwa ranar ko abinci ban iya ci ba.

Na san hanyar yanzu ta ƙananan motoci ce, na san tsadar man dizal, na san ko ta tashi ba ni da direba. Duk na sani. Inna ta ce ba ta da ta cewa, abin da na ga ya dace shi ke nan. Amma ranar Juma'ar da ta wuce ta tambaye ni a hankali ko odar tana nan. Tana nan, sai dai ta iska ce, ba ta kuka sai injin ya tashi ya tara mata iska.

In sayar a yanka ta a gaban Inna, ko in nemi bakanike in ƙarasa abin da yayana ya fara, marayunsa su ci gaba da kwana da keken ɗinki? Ki gaya mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Mai Miƙa Sifana, Karaye.

*

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Baba da Ashiru, Ya ƙara wa Inna lafiya. Ni ban yi maka dariya ba, sai a wurin katangar nan, ita kam ka yi haƙuri, na dara.

Ka nemi gaskiya, ga ta. Ka haɗa abu biyu ka ɗaure su wuri ɗaya, shi ya sa suka yi maka nauyi. Motar ta tashi daban, motar ta koma hanya daban. Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga inda ka ce kana son ganin ta ɗauko gyaɗa ba. Abin da kake so, kai da Inna, shi ne ku ji muryarta. Wannan kuwa ba ya bukatar taya, ba ya bukatar direba, ba ya bukatar takardun hanya. Tana kan duwatsunta za ta iya yi.

Kewar da kake yi ba wauta ba ce, kada ka bari kowa ya mai da ita abin wasa. Amma ka duba ɗaya ɓangaren. Motar nan gado ce, ba taka kai kaɗai ba. Inna tana da haƙƙi a ciki, sauran 'yan'uwanku suna da shi, Sadiƙa da marayun Ashiru suna da nasu ta wajen rabonsa. Kai kana zuwa ran Asabar ka zauna a cikinta awa biyu, su kuwa kwana bakwai suke raɓe-raɓe a gefenta. Matar da ta ɓoye tef ta ce allura ce ta faɗi ba za ta taɓa roƙonka ba, ko shekara goma za a yi. Kunyarta kada ta zama dalilin da zai sa ka yi ta jan lokaci.

Don haka ka yi abu uku, a jere. Da farko ka tara magada, da malamin da kuka yarda da shi, ka faɗa musu niyyarka, ka kuma saka wa kanka wa'adi a gabansu: daga yanzu zuwa cirar gyaɗa. Ka kira Sadiƙa da bakinka ka ce mata wurin nan za a yi mata ɗakin ɗinki, ta daina aunawa a ɓoye.

Sannan ka je Rogo wurin abokan aikin yayanka. Bakanike ba ya rasa wanda ya koya wa aiki ko wanda suka sha rana tare. Ka ce musu ba gyaran hanya kake nema ba, so kake ta tashi ko da na minti goma ne. Batir ma aro za a yi. In ta tashi, a fito da Inna a shimfiɗa mata tabarma, ka hau ka danna, dogaye biyu, gajere ɗaya. In kuma sun duba sun ce ba za ta tashi ba, ka karɓa, kada ka shiga neman bakanike na biyu da na uku. A kwance odar a kai wa mai facin taya, yana da injin iska, Inna za ta ji abin da take son ji.

Bayan nan ka sayar. Ka cire allon goshin da odar ka ajiye. Ka fara neman wanda zai ɗauke ta ɗungurungum, cikin masu dakon itace ko yashi. In ba a samu ba, Mu'az ya saya, amma ya ja ta zuwa can wurinsa. Ban yarda a kunna mata wuta a tsakar gidan da ta ciyar ba.

Za ka ce to katanga fa? A fasa ta. Ɗakin ɗinki dama yana son ƙofa ta wajen titi, don masu kawo aiki su daina ratsa zaure. Inda mota ta fita, nan magini zai tayar da ƙofar Sadiƙa. Yayanka ya yi wa Inna alkawari bai samu cikawa ba, kai ka cika masa. Ka buɗe buhun nan da ke ƙarƙashin kujera, ba za ka rasa guduma a ciki ba. Bugun farko naka ne, kuma wannan karon ba miƙa wa kowa za ka yi ba.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya raya marayun nan, Ya sa Inna ta ji odar da kunnenta.

Gwaggo Lantana.