Direban Cikin Littafi Mai Jan Bango

Kwandiko, Gwaram
Lahadi

Zuwa ga Yayan Kubra,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Malam mahaifinka lafiyarsa ƙalau, sai ƙafar da ke taso masa in ya daɗe a gona. Kakarka Dada ta yi zazzaɓi ta warke, har ta koma faɗa da kaji. Ɗan A'i maƙwabciyarmu yana tari har yanzu. Kubra jikinta lafiya, hankalinta ne ban sani ba.

Bayan haka, da ta zo hutu ta zo da littattafai a ƙasan akwati, ta ce kai ka zaɓa mata a ɗakin karatu. Ka san ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, da yatsa nake bin layi, amma abin da na karanta ina gane shi. Na ɗauki mai jan bangon nan. A ciki an ce an tsinci gawar wani ɗan kasuwa a ƙarƙashin gada a hanyar Kano, kuma wanda ya ɗauko shi direban babbar mota ne, bahago, mai wushirya, mai rataya carbi a madubi. Na karanta wa A'i wurin. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Yaya Raliya, ai Maikuɗi ne."

Kai ma ka san shi. Motarsa ce ke ɗaukar mutanenmu daga Sara zuwa Birnin Kudu, ita Kubra ke shiga. Hutu ya kusa ƙarewa, ga jarrabawa a gabanta, amma ba zan sa 'yata a motar mutumin da aka buga labarinsa ba. Ita dariya take yi, wai ba gaskiya ba ne. Yarinya mai son komawa me ba za ta ce ba? Malam bai sani ba tukuna. Da ƙyar ya yarda da karatun nan, in ya ji wannan shi ke nan.

Ɗanbala mai keke na ba takardar nan. Kada ka aiko amsa ta hannun Maikuɗi.

Wassalam. Mahaifiyarka,
Raliya


Birnin Kudu
Laraba

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gai da Baba da Dada. Allah ya ƙara sauƙi.

Inna, ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya mutu. Ƙagaggen labari ne, wani ne ya zauna ya tsara shi daga kansa, kamar tatsuniya. Direbobi masu wushirya kuwa sun cika tasha.

Laifina ne da ban ce ki fara da wani ba, don mai jan bango na bincike ne, ba a farawa da shi. Ki ɗauki ɗan siririn nan mai hoton wanzami. Na ban dariya ne, labarin wanzamin da ke tsoron jini. Ki karanta wa Dada, za ta manta da kaji. In kin gama ki shiga mai kauri, na yaƙin mutanen da ne, yadda wani gari ya yi fama da ƙishirwa a cikin ganuwarsa. Shi ko Baba zai saurara. Akwai na aljanu, amma na san ki, za ki hana kowa zuwa rafi. Mai koren bango na soyayya ne, ki bar shi kawai, ba zai yi miki daɗi ba.

Don Allah a shirya Kubra. Ranar kasuwar Sara ta sama za ta taho.

Ɗanki mai biyayya,
Sabo


Kwandiko
Asabar

Zuwa ga Yayan Kubra,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, sai ni da ba na cin abinci sosai.

Na ga takardarka, ban gamsu ba. Ka ce kamar tatsuniya. Tatsuniya da "ga ta nan ga ta nanku" ake buɗe ta, kowa ya san an shiga ƙarya. Na duba farkon wannan, babu. A tatsuniya gizo ne da ƙoƙi, ba a faɗin hanyar Kano da sunan tasha. Kuma tun da na iya karatu, duk abin da na gani da bugun inji gaskiya ne. Katin asibiti, sanarwar takin zamani, jaridar da malaminmu ke kawo mana. Wa zai ba mutum inji ya buga ƙarya, hukuma tana kallo?

Da ka ce in bar koren, shi na fara ɗauka. Wata malamar asibiti ce da wani tela, suna ta kallon juna ta taga. Ban ga abin ɓoyewa ba, sai dai ina so in san me ya sa kai ka san ba zai yi mini daɗi ba. Na wanzami mun karanta. Dada ta yi dariya har ta ƙware, ta ce ta san mutumin, a Dingaya yake. Ka gani? Shi ma akwai shi.

Abin da ya fi damuna, A'i ta kai maganar bakin rijiya. Kasuwar da ta wuce mata da yawa a ƙasa suka tafi, motar Maikuɗi ta tashi rabi. Lami matarsa ta daina amsa gaisuwata. Malam ya dawo daga masallaci ya ce ana wata magana a kan direban nan, in ta tabbata Kubra ta zauna gida. Ni dai na ci gaba da tankaɗe.

Mahaifiyarka,
Raliya


Birnin Kudu
Litinin

Inna,

Ina gaisuwa. Ki gafarce ni, a gaggauce nake rubutu.

Jiya Maikuɗi ya same ni a ƙofar makarantar da nake koyarwa. Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Malam Sabo, me na yi wa Inna? Ni da ko akuya ban taɓa takewa ba, yau yara na bina suna cewa ina gawar." Mutumin nan iyali gare shi, Inna, da motar yake ci da su.

A ina kika tsaya a littafin? Na tabbata ko rabi ba ki kai ba. Irin wannan da gangan ake tsara shi mai karatu ya zargi wani tun farko. Ba zan faɗa miki ƙarshensa ba, don za ki ce kare shi nake yi. Ki karanta da idonki har bango. In kin gama kina nan a kan bakanki, ni zan zo in faɗa wa Baba da kaina. Amma ki sani, in Kubra ta rasa jarrabawar nan, shekarar ta tafi, kuma Baba ba zai sake yarda ba.

Sabo


Kwandiko
Alhamis

Zuwa ga Yayan Kubra,

Gaisuwa. Kowa lafiya.

Na kai bango. Ban bar Kubra ta karanta mini ba, kada ta gyara. Ashe dillalin hatsi ne ya yi kisan, wanda ya fi kowa kuka a wurin jana'iza. Direban har kurkuku ya kwana a banza.

Na faɗa wa Malam komai. Ya ce in ɗauki mayafi. Na je wurin Lami da ƙwaryar fura, na ba su haƙuri, na kuma tsaya a bakin rijiya na karanta wa mata shafin ƙarshe da ƙarfi. Maikuɗi ya ce, "Inna, na yafe. Amma in za ki sake karanta ni, ki riƙa kaiwa ƙarshe."

Kubra ta shiga motarsa yau da safe, a gaba ya zaunar da ita. Da fatan ka tare ta a tasha.

Ka aiko mini da wani na binciken, amma ka tabbatar babu direba a ciki. Kuma A'i ta ce dillalin nan sak Malam Gwadabe na kasuwar Sara. Na ce ta rufe bakinta, kuma ta rufe. Sai dai ka sake duba littafin da kyau, ka gaya mini ko an faɗi garin da dillalin ya fito. Ina son amsa kafin Juma'a ta sama, don Malam na shirin kai wa Malam Gwadaben dawarmu.

Wassalam. Mahaifiyarka,
Raliya