Inna, Na Koma Bakin Tafkin Nan

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mini, ta durƙuso har ƙasa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mutanen gida duk lafiya. Jikarki Ruƙayya ta yi tsawo, har yanzu in na yi mata Hausa da Larabci take ba ni amsa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa canza miki suna ba, Inna take cewa.

Ina rubuto miki ne daga ɗakin katakon nan na kan duwatsun Asir, can kudu nesa da Madina, wanda barandarsa ke kallon tafki. Na san wasu za su karanta. Su yi haƙuri, da ke nake magana.

Duk unguwar Harra ta Gabas an san ki da abu guda: ba kya kwana a wajen Madina. Tun da aka kai Baba maƙabartar Baƙi'a kika ɗaura wannan aniya. Aka yi bikin 'yar ƙanwarki a Jidda, kika aika da turare da haƙuri. Umra ma sai dai ki je ki dawo ba ki shimfiɗa haƙarƙari a Makka ba, ƙafafu a kumbure. Tsoronki kada ajali ya riske ki a wani gari, a binne ki nesa da maƙwabtan Manzon Allah, nesa da mijinki.

Ina tuna ki ranar Juma'a, kin tsaya a jikin katangar Baƙi'a kina leƙe ta tsakanin ƙarafa. Ki yi wa mutanen ciki sallama, ki yi addu'a, sannan ki rage murya ki ce wa Baba, "Malam, a rage mini wuri." Ni kuwa ina gefe ina danne dariya.

Amma na san wani abu da maƙwabta ba su sani ba. Ke 'yar masunta ce, a bakin kogi kika girma a Yawuri. Kin yi rabin rayuwarki a garin da ruwansa ke cikin jarka da tankin saman soro. In na sayo kifin ƙanƙara sai ki ƙwanƙwasa shi a bakin kwano ki ce katako na sayo miki. Ko ruwan sama aka yi, ke ce ta ƙarshen shiga ɗaki.

Shekarar nan zafi ya yi zafi. Kin rame, kin daina cin abinci, kina wuni a gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, kina tari. Sai wani abokin aikina ya nuna mini hotunan ɗakunan nan a waya: duwatsu kore shar, tafki a ƙasa, gajimare yana yawo a tsakanin itatuwa. Na ce wallahi sai Inna ta ga ruwa.

Kika ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Ni kuma da bakina mai kaifi na ce ai mala'ikan mutuwa ba a tasha yake zaune yana jiran ki fita gari ba. Kowa ya yi dariya, har ke. Da na ga ban ci nasara ba sai na turo miki Ruƙayya, don na san ba kya iya ce mata a'a. Wannan wasan nawa har yau yana tashi a kunnena, Inna, kuma ba ya ba ni dariya.

Ranar da muka iso, birai suka sauko daga dutse suka ɗauke mana ledar burodi a kan baranda. Kika bi su da faɗa da Hausa, kina tambayarsu ko uwarsu ce ta gasa. Gajimare ya shigo ta taga, kika miƙa hannu za ki kama shi kamar yarinya.

Da safe muka sauka bakin tafki. Kika cire takalmi, kika tsoma ƙafafu. Can kika nuna inda ruwan ke motsi kika ce akwai kifin karfasa a ciki. Kika soma wata waƙar masu tuƙa kwalekwale a hankali, wadda ban taɓa jin ta a bakinki ba. Tunda nake ban ga fuskarki ta saki haka ba.

Da muna hawowa kina tsayawa a kan matakala kina haki. Na ɗauka gajiya ce. Ban san iskar kan dutse ba ta isar zuciyar tsoho ba, kuma ban tambayi likitanki ba kafin mu taso. Bayan azahar kika ce a shimfiɗa miki darduma a baranda. Kika jingina da katako kina kallon ruwa, carbi a hannu. Ruƙayya ta zo ta ce mini Inna ta yi barci a zaune.

Na yi iya yina in mayar da ke Madina. Na yi waya har muryata ta dushe, na bi takardu daga asibiti zuwa ofis, hanya kuma ga nisa. Limamin ƙauyen ya dafa ni ya ce kada a jinkirta miki. Matata ta buɗe jakarki tana neman iƙamarki, takardar izinin zamanki, sai ta ci karo da likkafaninki, wanda kika wanke da zamzam kika adana a ƙasan akwati tun rasuwar Baba. Ashe kin ɗauko shi. Kin san abin da kike tsoro, kika naɗe shi a jaka, kika shiga motata don kada ki ɓata wa autanki rai.

Mutanen da ba su san sunanki ba su suka yi miki salla. Sun cika sahu, suka binne ki a maƙabartar ƙauyen da ke saman dutse, Allah ya saka musu.

Yaya Hajara ta ce mini kalma ɗaya a wajen zaman makoki a gidanta na unguwar Bani Harisa: "Ka kai ta shan iska." Masu ta'aziyya suna cewa ƙasarki ce ta kira ki. Na yarda, na yi imani da haka. Amma ni na tuƙa motar, kuma laifin nan yana ci na.

In na je Baƙi'a yanzu ina yi wa Baba sallama kaina a ƙasa. Ban san yadda zan gaya masa wurin da ya rage miki yana nan babu kowa ba.

Shi ya sa duk lokacin zafi nake zuwa nan in kama ɗakin nan in kwana. Mutanen ƙauyen suna kirana ɗan Hajiya. Abokaina a Madina suna ce mini in rage wannan tafiya, shekaru sun fara ja, ga hawan jini. Ni ma ina son Baƙi'a, Inna, wa ba ya so? Amma Baba yana da maƙwabta, ke kuwa na bar ki ke kaɗai a cikin baƙi.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya ba ki ladan niyyar da kika riƙe, ya tashe ki tare da mutanen Madina. Ya shayar da ke daga tafkin Manzonsa. Ni kuma ki yafe mini.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar Juma'a, zan hau in gaishe ki. Inna, a rage mini wuri.

Autanki,
Sule