Tsawon Hannun Baba

Damba, Gusau
9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Lawwali a Yamai,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, har ta koma zuwa gidan suna. Mannir yana Tsafe da shagonsa, Balkisu kuma ta gama takaba ta dawo Rawayya da yaranta.

Maganarta ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna Baba, Allah Ya jiƙansa, ya yankar mata wani sashe na gonar gabas tun yana raye, gaba arba'in a tsaye, gaba ashirin da biyar a kwance. Na duba littafin da nake rubuta al'amuran yau da kullum, na ga haka na rubuta a ranar. Abin da ban rubuta ba shi ne tsawon gabar Baba, kuma na kasa yafe wa kaina wannan. Ba a kafa dutse ba, yanzu ga damina tafe, ita kuwa da wannan gona za ta ciyar da marayu.

Ranar Asabar muka je awo. Mannir ya buɗe hannuwansa ya auna igiya, ni ma na auna da nawa, sai ga bambancin kunya bakwai tsakaninmu. Duk abin da ya ragu a nata, cikin gadonmu zai faɗa, don haka magana ta yi nauyi. Balkisu ta ce da a ce da gabar Mannir ake auna kabari, da a zaune za a riƙa rufe mutane. Shi kuma ya ce tsawona ya yi yawa, ba za a yi awo da gabata ba. An yi dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa.

Iya ce ta tuna cewa farin kaftanin Baba mai dogon hannu yana wurinka. Don Allah ka shimfiɗa shi a tabarma, ka miƙe hannayen, ka auna daga bakin wannan zuwa bakin wancan. Na san hannun riga ba ya kai yatsu, shi ya sa muka yarda a ƙara santimita goma sha takwas kowane gefe. Ko hakan daidai ne, ban da tabbas, amma kowa ya amince a gaban Iya. Ka karanta gefen santimita na tef ɗin, kada ka juya shi gefen inci kamar telolinmu.

Na daɗe ina tunanin wannan abu. A nan muna shan mai da lita, muna tafiya da kilomita, amma fili da ƙafa, shadda da yadi, tiyar Tsafe kuma ba ita ce ta Bunguɗu ba. Mun shiga awon zamani da ƙafa ɗaya ke nan. Ina ganin ranar da ƙasa ta rungumi awo ɗaya da gaske ita ce ranar da rabon bazawara ba zai dogara da tsawon hannun ɗan'uwanta ba. Ga shi kai kana wata ƙasa, amma lambar da za ka faɗa ba za ta ƙaru ko ta ragu a hanya ba. Da ta iso zan ari dogon tef, mu kafa duwatsu, in rubuta komai da mita, kowa ya sa hannu.

Ka gaishe da Nusaiba da su Mahadi. Iya tana sa maka albarka. Balkisu ta ce in gaya maka ta riga ta ware irin gero, kuma kada ka ja rigar, kada ka bar ta a tattare, hannun Baba kawai take so.

Ƙanenka,
Hamidu