Yadda Aka Tatsi Shanun Baba Ana Tsakiyar Tsere

Fagnoux, ranar Laraba.

Zuwa ga Yayana Octave,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Zélie da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa aikin katakon nan na Kanada bai karya maka baya ba. Mu nan kowa ƙalau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zuwa coci da ƙafa. Gwaggo Léonie ta yi sabbin haƙora, yanzu ba ta da aiki sai murmushi. Baba kuma yana nan yadda ka bar shi, idan aka yi rana ya ce ciyawa za ta ƙone, idan aka yi ruwa ya ce za ta ruɓe. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san gara a ba ni lauje da a ba ni alƙalami, amma abin da ya faru ran Lahadi ba zan bari wani ya riga ni ba ka labarinsa ba.

Ran Lahadi aka yi babban tseren motoci na bana, wanda ake lissafawa cikin gasar duniya. An rufe kwalta tun safe, gida yana wancan gefe, makiyaya tana wannan gefe. Shekarata ta uku ke nan ina riƙe da tutar yi wa direbobi gargaɗi a kwanar da ke gaban ƙofar makiyayarmu. Ka san Baba bai taɓa son abin nan ba. Bana ma sai da ya ja mini kunne, ya ce idan motocin nan suka sa saniyarsa ko ɗaya ta sami matsala, in mayar wa mutane tutarsu, an gama. Na roƙe shi mu kai shanun gonar tudu tun ran Asabar, ya ce bai yanke ciyawar can ba, ba zai bari a tattake masa ita saboda wasu direbobi masu hular fata ba. Ai kowace shekara kafin ƙarfe huɗu an gama haukar an buɗe hanya, in ji shi, shanu su tsallaka a tatse su kamar kullum.

To, bana sai hazo ya sauko daga daji ya zauna a kan hanya, ko damin ciyawar da aka jera a kwana ba ka gani. Ƙarfe ɗaya ta yi ba a tashi ba, biyu ta yi shiru. Sai biyu da rabi wayar da ke rumfarmu ta yi ƙara. Abokin aikina Gustin, mai raba wasiƙun nan da ka sani, ya ɗauka ya ce sun taso. Yaya, duk shekarun nan ban saba da ƙarar farko ba. Tun suna gangaren daji kake jin ta a haƙoranka. Jajayen motocin Italiya uku a gaba, mai koriyar motar Ingila a bayansu kamar an ɗaure shi da igiya, shuɗɗan Faransa, sai ta ƙasarmu rawaya guda ɗaya can baya, wadda duk zuwanta mutane ke mata ihu kamar ita ce ta farko. Ƙamshin mai da na soyayyen dankali duk ya cika wurin. Na manta da komai.

Huɗu saura kwata na waiwaya, na ga Baronne ta miƙe. Ita ce jar saniyar da ka bari tana maraƙa, yanzu ita ke jan garke. Ta miƙe, sauran goman suka miƙe, suka jero zuwa ƙofa a natse, hantsarsu ta cika har nono na ɗiga a ciyawa. Gustin ya dubi agogonsa ya ce, "Firmin, shanunku sun fi masu tseren nan sanin lokaci." Ni ban yi dariya ba, don na san Baronne ta iya ɗaga sakata da hanci, kuma daga ƙofar zuwa kwalta taku biyar ne. Saura fiye da awa ɗaya da rabi a gama, motoci sun rarrabu, hanyar ba ta minti guda babu mota. Idan ta fito, ba saniya kaɗai za a rasa ba, har da ɗan mutane da ke cikin motar.

Na cire bel ɗina na ba Gustin ya ɗaure ƙofar, sannan ya murɗa waya ya kira tsoho Dethier, shugaban masu tuta. Dethier ya ce ba za a tsayar da tseren duniya saboda nono ba, mu riƙe su ko da haƙoranmu ne, kuma kada in kuskura in bar tutata. Ga Baba can tsallake, yana ta kaɗa hula yana buɗe baki, ko kalma ɗaya ba ta isowa gare mu. Mama ta rufe fuska da gyalenta. Baronne ta sa ƙirji a ƙofar, na ga dirkar hagu, wadda ta ruɓe tun bara, ta fara kwantawa.

Sai ta yi kuka, irin dogon kukan nan na saniyar da nono ya dame ta. A gefenmu akwai 'yan kallo sun kai ɗari biyu a kan tudu, duk idonsu na kan kwalta. Amma da ta yi kukan, na ga kawuna sun juyo, ba su fi tara ba. Ta sake yi, su ɗin dai suka sake juyowa, wata tsohuwa ma har ta dubi agogon wanda ke kusa da ita. Na ce a raina, waɗannan mutanen shanu ne, sun baro nasu a gida hankalinsu na can. Na nuna wa Gustin su ɗaya bayan ɗaya da sandar tuta, na ce ya je ya roƙe su don Allah su tatsar mana a nan cikin makiyaya.

Ba wanda ya ƙi. Wani mutumin garin Herve ya cire kwat ɗinsa na zuwa coci ya rataye a shinge, yana cewa ya tsere wa shanu sha takwas ya zo ya huta, ga shi sun biyo shi. Matsalar ita ce bokitanmu duk suna gida. Sai aka fara miƙo abin da ke hannu: tukunyar miya, tulunan giya da aka shanye, kwanon mai soya dankali, har da hular kwano ta wani ɗan kwana-kwana. Tsohuwar nan, Iya Célestine, ita ta nufi Baronne. Na ɗaga murya na ce Iya a yi hankali, wannan ba ta yarda da kowa sai Mama, harbi take yi. Ta ce, "Ɗan nan, ina tatsa tun ubanka bai san hanyar makiyaya ba. Miƙo rigarka." Na cire rigar sama na jefa mata, ta saka a kan kayanta, Baronne ta sunsuna ta ji ƙamshin gida, ta tsaya cik. Ni kuwa na ƙarasa tseren cikin yayyafi da 'yar shara, hannu ɗaya riƙe da tuta, ɗaya riƙe da wando.

Da ma kana nan ka gani. Ta gaba motoci na wucewa kamar za su tsaga ƙasa, ta baya mutum tara sun durƙusa cikin kayan Lahadi, kowa ya jingina goshi da cikin saniya. Tulu ya cika, a miƙa sama, 'yan kallo su sha da ɗuminsa, ya dawo. Iya Célestine ba ta ɗaga kai ba, amma duk wucewar mota sai ta tambayi wa ke gaba. Gustin ya ce ja. Ta ce kore fa? Ya ce yana wutsiyarsa. Ta ce to ya daina jin kunya mana. Saura zagaye uku, jar motar da ke gaba ta yi waje da yawa a kwanarmu, koren ya kutsa ta ciki, tayarsa ta goge damin ciyawa har tsinke ya faɗo mini a ka, ya wuce. Tudu duka ya ɗauki ihu, shanu ko kunne ba su kaɗa ba, sun koma kiwo. Shi ya ci tseren. Tamu rawayar ma ta ƙarasa, ta bakwai, muka yi mata tafi kamar ta kawo kofi.

Da aka buɗe hanya Baba ne ya fara tsallakowa. Bai dube ni ba. Ya bi shanun ɗaya bayan ɗaya yana taɓa hantsarsu, yana duba ƙafafu, har sha ɗayan. Ni ina tsaye na naɗe tutar, na riga na shirya mayar da ita. Ya zo kan Baronne ya daɗe, sannan ya ce wanda ya tatsi wannan ya bar saura a nonon baya. Iya Célestine ta ce ta bar masa ne don kada ya ce ba a bar masa aikin yi ba. Mama ta yi dariya har ta zauna a kan damin ciyawa. Baba ya dubi tukunyar miyar da ke ƙasa, ya dubi hular kwanon, ya girgiza kai. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Baɗi ka tsallako da bokitai da kujerun tatsa tun da safe, kafin ka ɗauki tsumman nan naka. Ba za a sake tatsar shanuna a tukunyar miya ba." Na yi maza na kama tattara tukwanen, Yaya, don kada ya lura da abin da ya faɗa ya janye.

Ka gaishe mini da Zélie, da Armand da ƙaramar Odile, ka ce kawunsu ya ajiye musu tsinken ciyawar da motar zakara ta watso masa. Mama da Gwaggo Léonie suna gaishe ku, Gustin ma ya ce shi zai buga wa takardar nan hatimi da hannunsa. Baba ya ce a gaya maka shi bai kalli tseren ba ko kaɗan. Mama ta ce shi ya fara faɗa mata cewa koren zai wuce ta ciki.

Naka ƙane,
Firmin