Ɗakin Ƙasa na Nevena

Zuwa ga Yaya Donka, Pleven

Na yi jika, Yaya, mace ce, kuma za su dawo gida.

Yanzu sai in gaishe ki. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi, kuma maigidanki Hristo yana lafiya.

Ɗana Rumen ya kira daga Valencia, can ƙasar waje, a wayar maƙwabciyata Penka, irin wadda ake ganin fuska. Matarsa Pilar ta sauka lafiya. Sun sa wa yarinyar Nevena, sunan marigayiya mahaifiyarsa. Da ya faɗa sai da na nemi kujera. Kin san kunnena, magana tana zuwa tana ɗaukewa, don haka na ɗaga murya na ce, "Rumen, in na gyara ɗakin ƙasa za ku dawo ku zauna?" Ya dube ni, ya girgiza kai hagu da dama, yadda kowa a ƙasar nan yake cewa e. Da idona na gani, Penka ma shaida ce.

Na riga na fitar da gangar kabeji da buhunan dankali daga ɗakin, wannan na ƙarƙashin gida da muke ajiya. Ƙofar ɗakin tana buɗewa cikin lambu, ba sai surukata ta haɗa kicin da tsoho ba.

Naki ƙane,
Tsvyatko


Zuwa ga Tsvyatko

Barka, Allah ya raya ta. Na yi kuka da na ga sunan, Hristo ya ɗauka wani ne ya mutu.

Amma kai, ƙaramin tsoho, tun da ka gama makarantar manya ta yamma kake rubuta abu kafin ka yi tunaninsa. Ɗakin da mahaifinmu ya haƙa don sanyi shi za ka sa wa murhu? Ina kabejinka zai kwana da hunturu, a gadonka? Bangon nan yana gumi duk bazara. Kuma a ƙauyen da aka rufe makaranta, bas ma ba kullum yake zuwa ba, ko zinariya ka shafa wa gidan babu mai saye.

Ka sa yaron ya rubuto maka da hannunsa tukuna. Girgiza kai a waya ba alkawari ba ne.

Hristo yana gaishe ka, ya ce in za ka zubar da gangar giyar da ke ɗakin, yana da wurin ajiya.

Yayarka,
Donka


Zuwa ga ɗana Rumen

Ina gaishe ka, da Pilar, da 'yar jikata ƙarama. Ka sumbace mini tafin ƙafarta.

Ban faɗa maka a waya ba don ina so ka karanta a natse. Aiki ya yi nisa. Mun haƙa bayan bango ni da Mitko magini, mun shafa kwalta, gumin ya tsaya. An yi daɓe, an shimfiɗa katako a kai don kada sanyi ya kama yarinya in ta fara rarrafe. Matakalar na rage mata tsayi. Mitko ya ce, "Baba Tsvyatko, wannan matakalar kaza ce ko ta mutum?" Na ce ta sarauniya ce.

Kwalaben barkono da mahaifiyarka ta dafa a lokacin kaka na ƙarshe kafin rasuwarta ne suka ba ni wuya. Ba su da wurin zama yanzu, ɗakin ya yi ɗumi. Na raba wa maƙwabta. Ban iya buɗe ko ɗaya ba.

Gwaggonka Donka ta ce ɓarna nake yi, gidan ba zai sayu ba. Na ce ai ba sayarwa zan yi ba.

Ka gaya mini watan da za ku taso, in sayi itace. Kuma ka tambayi Pilar launin da take so a bango.

Mahaifinka


Zuwa ga Baba

Ina gaishe ka da girmamawa. Muna lafiya, Nevena tana ci tana barci.

Baba, na karanta wasiƙarka a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa. Ban gane alkawarin da kake nufi ba sai da Pilar ta tuna mini ranar da na kira.

Na girgiza kai, gaskiya ne. Amma a nan girgiza kai a'a ne. Na daɗe cikin mutanen nan har wuyana ya koyi nasu ban sani ba. A'a na ce maka, Baba. Da na ga kana dariya na ɗauka ka fahimta, kana ƙarfafa mini gwiwa ne.

Ba za mu iya dawowa ba. Aikina yana nan, mahaifiyar Pilar ba ta da lafiya, kuma ƙauyen ba likita. Za mu zo hutu in yarinya ta yi ƙwari, ban san yaushe ba. Don Allah ka dakatar da Mitko. Maganar kwalaben Mama kuwa, ban san abin da zan ce ba.

Ka yafe mini.

Ɗanka,
Rumen


Zuwa ga Yaya Donka

Ina gaishe ku.

Rumen ya rubuto da hannunsa kamar yadda kika ce. Ba za su dawo ba. Ashe a can akasin namu suke girgiza kai, yaron kuma ya zama nasu har wuya. Kada ki ce kin faɗa, na sani.

Ya ce in dakatar da aiki. Saura fenti kawai, sai na ƙarasa. Ruwan ƙwai na shafa, tunda ba a faɗa mini launi ba. Dankalin yana zaure, ya fara tsiro.

Duk da haka ina da jika, Yaya, kuma tana da ɗaki. Ran Lahadi zan yanka ɗan rago. Ki zo da Hristo, na gaya wa Penka da Mitko da duk wanda ya rage a layinmu. Ku zo ku gani. In ya yi kyau, ku faɗa mini da baki.

Naki ƙane,
Tsvyatko