Maiƙo a Fankar da Babu Ita

Zuwa ga Mai Girma Mudir na ofishin hayar gidaje da ke kula da benenmu na Shumaisi, a nan Riyadh.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Sabi'u. Ni ne Bahaushen da ke gida mai lamba bakwai a hawa na biyu, wanda ma'aikatanka ke kira da ya Muhammad kamar yadda suke kiran kowane baƙo. Shekarata tara a gidan nan, ba a taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa a kan haya ko hayaniya ba. Sana'ata shara da goge-goge ce a wani asibiti, shekara goma sha uku ke nan, har aka ba ni mutum shida suna aiki a ƙarƙashina. Na faɗi wannan ne don ka san wanda ke magana da kai ya san datti, da shi yake cin abinci.

Ban so maganar ta fito fili ba. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku ana ce mini bukura insha Allah, wato sai gobe. To, goben tawa ta kusa ƙarewa. Da Hausa na rubuta domin da ita nake iya faɗin abin da ke raina ba tare da na yi in-ina ba. Wani ɗalibi ɗan ƙasarmu zai juya maka ita zuwa Larabci, ni kuma zan ajiye ta inda 'yan'uwana masu haya a wajenka za su karanta.

Ga halin da nake ciki. Na gama zaman Saudiyya, zan koma gida baki ɗaya. Ranar Alhamis mai zuwa kamfanin tsabta da kuka ɗauka zai aiko mai duba gidan. Idan ya ce gida ya yi, za ka ba ni takardar sallama, wato mukhalasa. Kafilina, wanda ya tsaya mini lokacin da na kama gidan, ya ce ba zai kammala mini bizar fita ba sai ya ga takardar nan da idonsa. Jirgina kuwa Talatar da ke biye ne. Mahaifiyata tana can gida idanunta na tafiya, ɗaya ya riga ya rufe, ɗayan saura kaɗan. Abin da take roƙo kullum a waya shi ne ta gan ni tun tana iya gani. Saboda haka ba wasa nake da duban nan ba, kuma wallahi raina bai kwanta da shi ba. Ga dalilaina.

Na ɗaya. Na nemi a ba ni jerin abubuwan da za a duba. Akawunka ya ce wannan sirrin kamfani ne. Sirri? A asibitin da nake aiki, inda ƙazanta ke iya kashe mutum, ana manna mana jerin a bango mako guda kafin masu duba su zo, don ana son wurin ya yi tsabta ne. Wanda ya ɓoye maka abin da zai duba, ni dai ban ga alamar yana son ka ci ba.

Na biyu. Makon jiya wani mutum ya zo da rigar kamfanin, ya ce leƙowa kawai ya yi, ba duba ba ne. Ya same ni tsakiyar ɗaurin kaya, kwalaye ko'ina, na ja firji gefe ban kai ga share bayansa ba. Sai ga shi ya fito da waya yana ɗaukar hoto. Na lura da shi sosai. Bai ɗauki falo ba, bai ɗauki banɗakin da na riga na wanke yana ƙyalli ba. Bayan firji ya tsuguna, da ƙarƙashin murhu. Kuma da takalminsa ya shigo mini, bayan ya fita ni na bi sawunsa da tsumma. Yallaɓai, me za a yi da hoton gidan da ba a gama sharewa ba? Ina tsoron in gan su ranar Alhamis a manne da rahotona.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi tsaya mini. Mutum biyu sun tashi daga benen nan a bana: Malam Isiya, mutumin Maraɗi da ke lamba huɗu, da Habu, Badamagaren da ke lamba tara. Dukansu sun faɗi duban nan, dukansu an riƙe musu kuɗin ajiya wai za a biya masu wankewa. Na roƙe su suka turo mini hoton rahotanninsu, na sa aka karanta mini. Laifi uku ne a kowanne, a jere iri ɗaya: ƙura a cikin na'urar sanyaya ɗaki, maiƙo a shaffaɗ, wato fankar nan mai zuƙe hayaƙin kicin, sai kuma wari. Har wani baƙin zane da injin kwafi ya bari a gefen takarda, yana nan a duka biyun, wuri ɗaya.

To amma, ranka ya daɗe, kicin ɗin Malam Isiya ba shi da shaffaɗ. Bai taɓa yi ba. Na sha cin tuwo a gidan, taga yake buɗewa in hayaƙi ya yi yawa. Ikon Allah! An sami maiƙo a fankar da babu ita. Malam Isiya mutum ne mai kunya, ya karɓi takardarsa ya ce Allah ya isa, ya kwashe kayansa ya koma unguwar Sulay. Ni ne abin ya hana sukuni.

Sannan kamfanin da ke dubawa, shi ne kuma ake ba aikin wankewa idan mutum ya faɗi. Ranar da suka zo wanke gidan Habu ina hutu, ina tsaye a baranda. Mutum biyu ne da bokiti ɗaya. Ban gama shan shayina ba suka fito. Ni ma'aikaci ne, ba fuskarsu na duba ba, abin goge ƙasan da ke hannunsu na duba. A bushe yake ƙamas, yadda ya shiga haka ya fito.

Na huɗu, maganar wari. Ƙura ana iya nuna ta da yatsa, maiƙo ana iya ɗaukar hotonsa, amma wari fa? Hancin wa ake aunawa da shi? Na tambayi Habu wane wari aka ce, ya ce mai duban ya tsaya ne bakin ƙofa ya yatsina fuska ya rubuta. Ba zan ɓoye maka ba, wannan layin ya yi mini ciwo fiye da sauran. Mu masu daddawa ne, masu busasshen kifi da man ja, ba ma musu. Ku ma shinkafarku ta kabsa tana da ƙamshinta, har cikin lif muke jin sa, kuma ba mu taɓa kiransa wari ba. Duk da haka, sati uku ke nan ban ɗora tukunya a gidan nan ba. Sauran daddawata na ba wasu mutum biyu da muke zaune tare a gidan, waɗanda suka riga ni tashi. Burodi da wake nake saye a bakin titi in ci a tsaye kamar marar gida. Ko turaren wuta na daina sawa, don kada a ce wani abu nake rufewa. In har aka sake rubuta wari bayan duk wannan, to ba na miya ake nufi ba, kuma gara a fito a faɗa mana.

Na biyar. Mai gadin bene yana riƙe da makulli na biyu na gidana, bisa ƙa'idarku. Ni murɗa ɗaya nake yi wa ƙofata tun da na zo. Ranar Lahadi na dawo daga aiki na tarar an murɗa biyu. Na tambaye shi, ya ce bai san zancen ba. Ban kama kowa ba, kuma ba zan ɗora wa bawan Allah abin da ban gani ba. Amma tun ranar, in zan fita sai na maƙala tsinken ashana a bakin ƙofa don in gane ko an buɗe. Ka ji fa, mutum mai furfura, uban 'ya'ya, yana tsugunawa yana dasa ashana a ƙofarsa. Ban taɓa zama irin wannan mutumin ba, kuma ina jin haushin abin da aka mayar da ni.

Game da gidan kansa, ga abin da na yi. Na kwance ragar na'urar sanyaya ɗaki na wanke ta na shanya. Na jiƙa kan famfo da ruwan khal mai tsami har farin nan da ruwan Riyadh ke bari ya fita. Tsakanin tayil da tayil na bi shi da tsohon buroshin haƙori, a durƙushe, kwana huɗu, gwiwoyina har yanzu suna ba ni labari. Ramukan ƙusa na cike su, hanyar taga na kwashe ƙasarta da cokali. Yanzu tabarma ɗaya ta rage mini a ɗakin. Alwala ma a masallaci nake yi don kada ruwa ya fantsama a madubi. Ɗakin tiyata ba na yi masa fiye da haka.

Saboda haka ga roƙona. A ba ni jerin abin da za a duba kafin Laraba. A bar ni in tsaya a wurin, tare da shaida ɗaya daga cikin maƙwabtana. Duk laifin da aka samu a nuna mini shi da yatsa a nan take, a ba ni yinin in gyara da hannuna. Hotunan makon jiya kada su shiga rahoto. A rubuta rahoton a gabana, da biro, kada a zaro shi daga jaka. Kuma don girman Allah ka sake duba takardun Malam Isiya da Habu, ko da sun yi nisa.

Saura magana ɗaya, wadda na yi kwana uku ina juyawa kafin na yanke shawarar faɗa. Kicin ɗina ma ba shi da shaffaɗ. Mai gyaranku ne ya cire shi shekara biyu da suka wuce, ya ce zai kai a duba, bai dawo da shi ba har yau. Ramin na nan, kwali na sa na toshe. Da na so, da na yi shiru na bar mutuminku ya miƙo mini takarda mai cewa an sami maiƙo a ciki, in ɗauke ta in kai inda ake kai irinta. Wallahi zuciyata ta so hakan, ko don Malam Isiya. Amma shari'a watanni take ci, idon tsohuwata kuwa ba shi da watanni. Shi ya sa na gaya maka kyauta. Ka ce da su su goge wannan layin kafin su taso.

Ban ce da saninka ake yi ba, Yallaɓai. Mai yiwuwa ne kana ofis ana yi a bayan idonka. Amma daga yau ka sani.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da arziki na halal, ya haɗa ka da ma'aikata masu tsoronsa, ya raya maka zuriya. Idan mahaifiyarka na raye, Allah ya bar mata ganinta, ya sa duk sa'ar da ta nemi ganinka ta same ka kusa, ba wata takarda a tsakaninku.

Ranar Alhamis ina nan bakin ƙofa tun bayan sallar asuba, da makulli a hannu.

Wassalam.

Naka,
Sabi'u na lamba bakwai, Shumaisi.